Jan tauraro da shuɗi, wanne ya fi zafi? Kuma daga ina haruffan O B A F G K M suka fito?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na sakandare a wani ƙauye da ke yankin Ringim. A darasinmu an ce an kasa taurari gida bakwai, O, B, A, F, G, K, M, wai shuɗaye sun fi zafi, jajaye kuma sun fi sanyi. Mahaifina, wanda ya san lissafin taurarin noma, ya ce bai yarda ba, don kowa ya san ja shi ne launin wuta, kuma babu wanda ya taɓa zuwa can da ma'auni. Yaya aka san zafin tauraro, kuma me ya sa haruffan ba su bi jeri ba?

Amsa: Ɗana, ka gaishe min da Baba da kyau. Maganarsa ta biyu, wato wa ya je can da ma'auni, magana ce ta masu hankali, kuma manyan masana sun daɗe a kanta. A 1835 wani masanin falsafa ɗan Faransa, Auguste Comte, ya rubuta cewa ɗan Adam ba zai taɓa sanin abin da aka gina taurari da shi ba, tunda ba shi da hanyar kai hannu gare su. Ba a cika shekara talatin ba aka fara karanta sinadaran rana daga haskenta. Babu wanda ya je, gaskiya ne. Hasken ne yake zuwa mana, kuma yana tafe da labarin wurin da ya baro.

Batun launi kuwa, maƙerin garinku zai raba gardamar. Ka je ranar da yake ƙera garma ko lauje, ka zauna kusa da mai zuga. Ƙarfen yana shiga gawayi baƙi. Idan zafinsa ya kai wajen digiri 600 sai ya fara wani ja mai duhu, wanda sai a cikin rumfa ake ganinsa sosai. A ci gaba da zuga, sai jan ya washe, ya koma ruwan lemo, sannan ruwan ɗorawa a wajen digiri 1,100, daga nan ya doshi fari har ido ya fara gudunsa. Maƙeri ba ya riƙe ma'auni, amma da ya ɗaga ƙarfen da awartaki ya dubi launinsa ya san ko lokacin ɗora shi a kan uwar maƙera ya yi. Ka tambaye shi wanne ya fi zafi tsakanin ja da fari, ba zai yi jinkirin ba ka amsa ba. Ja shi ne farkon abin da ido ke gani idan abu ya fara zafi. Ƙarfe yana narkewa a digiri 1,538, don haka a maƙera ba za ka ga abin da ke gaba da fari ba. Da za a iya ci gaba har dubu goma, dubu ashirin, da ka ga farin ya ɗauki shuɗi-shuɗi.

Wannan dokar ba ta ƙarfe kaɗai ba ce. Duk wani abu mai kauri da ke haske saboda zafi haka yake, kuma wani Bajamushe, Wilhelm Wien, ya fitar da lissafinta a 1893. Haske yana tafiya ne a igiya-igiya, kuma tsawon zangon igiyar shi ne launi. Ana auna shi da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Idonmu yana gani daga wajen 400, inda shuɗi mai duhu yake, zuwa wajen 700, inda ja yake. Dokar Wien ta ce: raba 2,898,000 da zafin abu a ma'aunin Kelvin, za ka sami zangon da ya fi fitar da haske a kansa. Ma'aunin Kelvin shi ne digirin da ka sani a ƙara masa 273, bambancin da bai taka kara ya karya ba idan ana maganar dubbai. Ɗauki biro ka gwada. Fuskar rana tana da zafin Kelvin 5,772, sai lissafi ya ba ka 502, tsakiyar abin da ido ke gani. Tauraro mai 3,600 zai ba ka 805, wanda ya zarce ja, don haka ɗan abin da idonmu ya samu daga gare shi ɓangaren ja ya fi yawa. Mai 12,000 kuwa 241 zai ba ka, can bayan shuɗi, sai shuɗi ya rinjaya a abin da muke gani.

Mu a karkara muna da abin da mutanen cikin birnin Kano suka rasa, wato duhun dare na gaske. A watan Janairu, daren da babu farin wata kuma hazo ya kwanta, ka fita bayan gari bayan sallar isha'i ka fuskanci gabas. Za ka ga taurari uku a jere kamar an ja musu layi, su ne tsakiyar rukunin taurarin da ake kira Jauza'u. Ta arewa da su akwai wani babba mai ja-ja, Yadul Jauza'i, wanda littattafanku ke rubutawa Betelgeuse, zafin fuskarsa wajen 3,600. Ta kudu da su akwai Rijil, fari mai ɗaukar shuɗi, wajen 12,000. Ka riƙa kai ido daga wannan zuwa wancan, bambancin zai fito maka sarai. Bi layin ukun nan zuwa ƙasa, za ka iske Shi'ira, wanda ya fi kowane tauraro haske da dare, shi ne aka ambata a aya ta 49 ta Suratun Najmi, zafinsa kusan 9,900. Bi layin zuwa sama kuma, ga Dabaran mai ruwan lemo, wajen 3,900, gaba da shi ga Kaza da 'Ya'yanta, wato Suraiya, waɗanda manyansu duk masu zafi ne da suka haura 10,000. Waɗannan biyun na ƙarshe suna cikin manzilolin nan 28 da masu lissafin damina ke ƙirgawa, don haka ba baƙi ba ne a gidanku. Ƙananan taurari kuwa duk fari-fari za ka gan su, ba don ba su da launi ba, sai don idon mutum ba ya tantance launi idan haske ya yi rauni. Ka kuma kiyaye, Gamzaki da Zara ba sa cikin wannan lissafi, duniya ce guda da ke mayar da hasken rana, haka ma jan duniyar Mas na tsatsar ƙasarta ne, ba na zafi ba.

Sai dai kalmar sanyi da ke cikin darasinku tana iya ruɗar mutum. Yadul Jauza'i da ake kira mai sanyi ya fi zaren tsohon ƙwan lantarki zafi, wanda ke wajen 2,700, kuma ya ninka zafin da ke narkar da ƙarfe kusan sau biyu. Sanyinsa idan an gwada shi da 'yan'uwansa ne. Sannan duk alƙaluman nan na fuskar tauraro ne, inda haske ke kuɓuta. Can cikin tsakiyar rana zafin ya kai Kelvin miliyan 15.

To amma launi kaɗai bai isa a dogara da shi ba. Rana tana yin ja lokacin faɗuwa ba tare da ta huce ba, iskar da haskenta ya ratso ce ta watsar da ɓangaren shuɗi. Tsakanin taurari ma akwai ƙura, kuma tana sa tauraro mai zafi ya iso mana da ja-ja. Ana bukatar shaidar da ƙura ba ta iya sauyawa, kuma a nan ne haruffanka suka samo asali.

Idan haske ya ratsa gilashi mai kusurwa uku sai ya baje kamar bakan gizo. A 1814 wani mai gyaran gilashi a Jamus, Joseph Fraunhofer, ya baje hasken rana da kyau, ya ga bakan ba a cike yake ba: akwai siraran baƙaƙen layuka a tsaitsaye a cikinsa, ya ƙirga sama da 500. A wajen 1859 Gustav Kirchhoff da Robert Bunsen suka gano ma'anarsu. Kowane sinadari yana da zangunan haske nasa na kansa, waɗanda yake fitarwa idan an ƙona shi, yake kuma haɗiyewa idan haske mai ƙarfi ya ratsa tururinsa. Za ka iya ganin rabin wannan a madafa. Barbaɗa ɗan gishiri a kan shuɗiyar wutar risho ko ta gas, nan take harshen wutar zai koma ruwan ɗorawa mai kauri. Sodiyam ɗin cikin gishirin ne ke fitar da haske a nanomita 589. A daidai wannan wuri na bakan rana akwai baƙin layi, domin sodiyam ɗin da ke saman rana ya haɗiye hasken kafin ya fito. Ta wannan hanya aka ga layin hiliyam a rana a 1868, shekaru 27 kafin a same shi a doron ƙasa. Ƙura tana iya rage haske ta sauya launi, amma ba ta goge layukan nan, ba ta kuma ƙirƙiro layin hiliyam inda babu.

Da aka fara ɗaukar hoton bakan taurari da yawa a ɗakin binciken sama na Jami'ar Harvard a Amurka, shugaban wurin, Edward Pickering, ya ɗauki mata aikin duba farantan gilashin hoton ɗaya bayan ɗaya. Williamina Fleming ce ta jagoranci kundin farko a 1890, mai taurari wajen 10,000. Ma'aunin da aka bi mai sauƙi ne: tauraron da layukan haidurojin suka fi kauri a bakansa shi ne A, mai bi masa B, haka har zuwa Q. A lokacin jerin yana tafiya daidai, amma jeri ne na ƙarfin haidurojin, ba na zafi ba. Annie Jump Cannon ce a 1901 ta zauna ta duba sauran layukan gaba ɗaya. Ta zubar da haruffan da maimaici ne ko kuskuren hoto, ta bar bakwai, sannan ta sake jera su yadda kowane layi zai riƙa ƙaruwa ko raguwa a hankali daga gida zuwa gida ba tare da tsalle ba. Jerin da ya ba da hakan shi ne O, B, A, F, G, K, M. Ba ta sake musu suna ba don an riga an buga dubban taurari da tsofaffin haruffan. A rayuwarta ta tantance taurari sama da 350,000 da idonta, kuma a 1922 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta karɓi tsarin nata.

Yanzu mun zo wurin da nake so ka buɗe kunne, don a nan ɗalibai da yawa ke zamewa. Idan an ce maka layin haidurojin yana da kauri a Shi'ira, yana da rauni a rana, abin da zai fara zuwa ranka shi ne Shi'ira ya fi rana yawan haidurojin. Masana ma haka suka zata shekara da shekaru. Bakan rana cike yake da layukan ƙarfe da kalsiyam, sai aka ɗauka rana kusan irin kayan ƙasarmu gare ta. Ba haka ba ne. Kaurin layi yana faɗa maka yawan ƙwayoyin zarra da ke cikin halin haɗiyar wannan haske, kuma zafi ne ke sanya su cikin halin ko ya fitar da su.

Ga yadda abin yake. Ƙwayar zarra ta haidurojin ilaktaron ɗaya gare ta, wato ɗan ƙanƙanin abin da ke kewaye tsakiyarta, kuma yana zama ne a matakai tsayayyu: na ɗaya, na biyu, na uku, babu tsaka-tsaki. Layukan haidurojin da ido ke gani, a nanomita 656 da 486 da 434 da 410, suna samuwa ne kawai idan ilaktaron yana kan mataki na biyu ya haɗiyi haske ya haye sama. Wanda ke kan mataki na ɗaya hasken da muke gani wucewa yake yi ta gefensa. Hawa daga na ɗaya zuwa na biyu kuwa yana bukatar karo mai ƙarfi tsakanin ƙwayoyin, kuma ƙarfin karo daga zafi yake. A fuskar rana, ƙwaya ɗaya ce tak cikin kusan miliyan 200 take kan mataki na biyu. Haidurojin na nan jingim, amma kusan dukkansa shiru yake. A tauraro mai 3,600 abin ya fi haka muni. Idan zafi ya kai wajen 10,000 sai adadin da ke mataki na biyu ya yi yawa, layukan su yi kauri, shi ne gidan A. Ka wuce nan zuwa 30,000, karon ya yi tsanani har yana fizge ilaktaron ɗin gaba ɗaya, ƙwayar da ba ta da ilaktaron kuwa ba ta da abin haɗiyar haske, sai layin ya sake raunana. Kenan raunin layin haidurojin yana da dalilai biyu masu kishiyantar juna, ko zafi ya yi kaɗan ko ya yi yawa. Jerin farko ya cakuɗa waɗannan biyun, shi ya sa O, wanda ya fi kowa zafi, ya faɗa can kusa da M, wanda ya fi kowa sanyi, har sai da aka ɗauko shi aka kai shi gaba.

Kalsiyam kuma akasin haka ne a rana. A kowace ƙwayar kalsiyam ɗaya akwai ta haidurojin wajen rabin miliyan, amma zafin rana ya yi wa kalsiyam daidai, kusan kowace ƙwayarsa a shirye take ta haɗiyi haske a nanomita 393 da 397. Shi ya sa layukansa suka fi na haidurojin kauri duk da ƙarancinsa.

Lissafin wannan fizgewar ilaktaron wani ɗan Indiya ne ya fitar da shi a 1920, Meghnad Saha. A 1925 Cecilia Payne, 'yar Ingila da ke karatun digirin digirgir a Harvard, ta ɗora lissafin a kan bakan taurarin da Cannon ta tantance. Ta nuna jerin O zuwa M jerin zafi ne, kuma taurari kusan kayan gini ɗaya gare su, mafi yawansa haidurojin da hiliyam. Babban masanin zamanin, Henry Norris Russell, bai gamsu da batun yawan haidurojin ba, har ta sassauta maganar a rubutunta. A 1929 shi da kansa ya kai ga sakamako iri ɗaya ta wata hanya. A ganina aikinta yana cikin mafi girman abin da aka yi a wannan fanni, kuma ya kamata sunanta ya riƙa fitowa a darussan sakandare tare da haruffan. Yau mun san kusan kashi uku cikin huɗu na nauyin rana haidurojin ne, kusan kashi ɗaya hiliyam, duk sauran sinadaran a haɗe ba su kai biyu cikin ɗari ba.

Da wannan a hannu, gidajen bakwai ba su da wuyar riƙewa. O ya haura 30,000, kuma alamarsa layin hiliyam da aka fizge wa ilaktaron ɗaya, abin da sai zafi mai tsanani ke iyawa. Biyu na gefe a cikin ukun Jauza'u 'yan wannan gida ne. B daga 10,000 zuwa 30,000, da layin hiliyam cikakke, nan Rijil da Suraiya suke. A daga 7,500 zuwa 10,000, gidan Shi'ira. F ya sauko zuwa 6,000, G zuwa 5,200, inda rana take, K zuwa 3,700, gidan Dabaran, layukan ƙarfe na ƙaruwa a duk saukowa. A gidan M zafi ya ragu har ƙwayoyin zarra suna iya haɗuwa su zauna tare, sai ka ga faffaɗan duhu-duhu na haɗin taitaniyam da oksijin sun yanyanke bakan. Ƙalbul Aƙrabi, jan tauraron da ke kudu da daren damina, ɗan M ne. An kuma raba kowane gida kashi goma, daga 0 mafi zafi zuwa 9, don haka G2 ya fi G8 zafi, B9 kuma maƙwabcin A0 ne.

Abu ɗaya da harafin ba ya faɗa maka shi ne girma. Tauraron da ya fi kusa da rana, Proxima Centauri, ɗan M ne mai zafin wajen 3,000, tazararsa tafiyar haske ta shekara 4.2 kacal, amma ido ba ya ganinsa ko kaɗan. Yadul Jauza'i ma ɗan M ne, yana nesa da ɗaruruwan shekarun haske, amma ga shi ƙuru-ƙuru. Hasken da kowane taki na fuskar tauraro ke fitarwa yana bin zafi ne sosai: ninka zafi sau biyu, haske ya ninku sau 16. Tunda zafinsu kusa yake da juna, bambancin dole daga faɗi ya fito. Da za a ajiye Yadul Jauza'i a gurbin rana, da ya haɗiye duniyarmu har da ta Mas. Wannan ma ana karanta shi a layukan, don iskar saman ƙaton tauraro sakayau take, sai layukansa su fito sirara, na ƙaramin tauraro mai matsattsiyar iska kuma su yi faɗi. A 1943 William Morgan da Philip Keenan da Edith Kellman suka ƙara lambar Romawa a bayan harafin: I ga manya-manyan ƙattai, III ga ƙattai, V ga taurarin da ke tsakiyar rayuwarsu suna mayar da haidurojin hiliyam a cikinsu. Cikakken sunan rana G2V ne, Shi'ira A1V, Dabaran K5III.

A cikin 'yan lamba V ɗin nan, zafi yana bin nauyi. Ɗan O mai nauyin rana ashirin ko fiye yana cinye makamashinsa cikin 'yan miliyoyin shekaru, rana tana da wajen biliyan 10 kuma ta ci 4.6, ƙananan 'yan M kuwa za su yi dubban biliyoyi. Saboda haka abin da kake gani da dare ba ya nuna ainihin yawan kowane gida. Kusan uku cikin kowane taurari huɗu ƙananan 'yan M ne, amma babu ko ɗaya daga cikinsu da za ka gani ba tare da madubin hangen nesa ba. 'Yan O ba su kai ɗaya cikin miliyan ba, sai dai haskensu na kai wa nesa. Daga ƙarshen shekarun 1990 an ƙara L da T a bayan M, sannan Y a 2011, don wasu abubuwa da suka fi M sanyi, waɗanda mafi yawansu nauyinsu bai kai su kunna haidurojin yadda ya kamata ba. Wasu 'yan Y zafin fuskarsu bai kai na tafasasshen ruwa ba, kuma da na'urar da ke kama hasken da ya zarce ja kaɗai ake gano su.